Ruwan Rijiyar Iya Indo Ya Fito Fes

Masu aiko min saƙo cewa in ba na son Musaddiq in ba su lambarsa, duk na gan ku. Wata ma cewa ta yi boko ne ya yi min yawa, wai mace ta samu ɗan mai gidan mai ta tsaya tana bincike. Ban ji haushi ba. Ku gyara zama ku ji abin da ya faru ranar Alhamis, bayan nan duk mai so ta zo ta karɓi lambar, har ta ofishinsa zan haɗa mata.

Ga wanda yau ne ya fara cin karo da ni, sunana Ikilima, shekarata ashirin da shida, ina gidan iyayena a Dutse. Karatun ƙasa da ruwan da ke ƙarƙashinta na yi, kuma ina aiki a wani ɗan ƙaramin kamfani da ake kira in ana zargin wani abu ya gurɓata ruwa. Wata biyu da suka wuce, matan unguwar da ke bayan gidan man Alhaji Nata'ala, can hanyar fita Jahun, suka kai ƙara cewa rijiyoyinsu na warin fetur. Hukuma ta ce sai an auna kafin a sabunta masa takardar izini. Ogana, Injiniya Kamilu, ya ba ni aikin. Musaddiq shi ne ɗan Alhajin, shi ke kula da wurin. Ranar farko ya kawo min kujera, rana ta biyu lemo mai sanyi, rana ta uku ya tambayi unguwarmu. Kafin in ankara magabatansa sun aiko suna so su zo sa rana ranar Asabar.

Tun zuwansa gidanmu na farko tambaya ɗaya ke cin raina: ni yake so, ko sa hannuna yake so? Domin in rijiyoyin nan suka nuna fetur, rufe gidan man za a yi, a tono tankunan da ke binne, Alhaji ya samar wa unguwa guda ruwan sha. In kuwa suka fito lafiya, shi ke nan, matan unguwa sun yi sharri. Takardar da za ta faɗi ɗaya cikin biyun nan, sunana ne a ƙasanta.

Baba bai matsa min ba, in faɗi gaskiya. Tsohon malamin makaranta ne, mutumin Miga, ba ya son hayaniya. Cewa kawai ya yi, "Ba zan ba mutane amsa ba sai na ji daga bakinki. Amma kada ki wuce la'asar ɗin Alhamis, ba a barin manya a tsaye."

Mama ce dai ta kasa ɓoye nata. Tun kafin a ce komai ta sayo leshi ruwan zuma, ta sa an yi wa falo sabon fenti, ta canza labule. Ƙanƙara da zoɓo take sayarwa a gida, kuma duk wadda ta shigo saye sai ta fita da labarina a matsayin gyara. Kullum in na dawo aiki sai ta bi takalmina da kallo ta ce, "Sa'anninki na kai 'ya'ya makaranta, ke kina yawo a rana da takalmin maza."

To, ranar Alhamis da hantsi ba wuta a ofis, na dawo gida da kwamfutata, na baje a tabarma ƙarƙashin bishiyar darbejiyarmu. Ina buɗe ta sakamako ya shigo daga ɗakin gwaji na Kano. Na yi bismilla na fara bin layi. Rijiya ta ɗaya, babu komai. Ta biyu, babu komai. Ta uku, ta huɗu, ta biyar, ta shida, duk fes, ka ce ruwan da za a haɗa wa jariri madara ne.

Na sake karantawa da yatsa, irin na 'yan aji ɗaya.

Jama'a, rijiya ta biyu ta Iya Indo ce, wata tsohuwa da katanga ɗaya ce ta raba gidanta da gidan man. Ranar da na zura ɗan gugana na ƙarfe na jawo, saman ruwan launi-launi yake yi kamar wuyan tantabara. Warin ya kama gyalena, sai da na wanke shi sau biyu. Iya Indo ta nuna min randarta, ta ce barin ruwan suke yi ya kwana a buɗe, in warin ya ragu su sha. Surukarta Fiddausi na zaune a gefe da ciki wata bakwai, ta ɗaure kai tamau da ɗankwali saboda ciwon kai. Da zan fita tsohuwar ta riƙe min hannu ta ce, "'Yar nan, ki rubuta abin da hancinki ya ji." Wannan ruwan ne takarda ke ce min babu komai a cikinsa.

Ƙasar da muka haƙo a harabar gidan man ta nuna, ita ba ta ɓoye ba, daga mita huɗu zuwa ƙasa baƙa ce, tana danƙo. Amma wannan ta cikin gida ce. Alhaji na iya cewa tsohon mai ne ya taɓa zubewa, a kwashe a zuba sabuwa. Rijiyoyin maƙwabta su ne maganar.

Sai idona ya sauka a layi na ƙarshe, rijiya ta bakwai. Fetur a cikinta ya ninka abin da aka yarda mutum ya sha fiye da sau ɗari.

Sai dai fa babu wata rijiya ta bakwai. A aikinmu, duk inda muka je, mukan zaɓi rijiya ɗaya mu cika kwalba biyu daga guga ɗaya, mu ba ta biyun sunan ƙarya don mu gwada masu gwajin su ma. A ofis Hassana da Usaina muke ce musu. Hassana ta tafi a cikin kula tare da sauran, da lamba biyu a jikinta. Usaina kuwa, mai lamba bakwai, oga ya koya min ba ta kwana da 'yan uwanta, ba ta kuma tafiya tare da su. A cikin fulas ɗin abinci na saka ta da ƙanƙara, ta kwana a ɗakina, ta je Kano a kan cinyata. Guga ɗaya, minti ɗaya, rijiyar Iya Indo. Ɗaya ta ce guba, ɗaya ta ce lafiya.

Yanzu ga inda nawa laifin yake, don ba zan wanke kaina ba.

Ƙa'idar ita ce, daga bakin rijiya har ɗakin gwaji kwalaben nan ba sa barin hannunmu. Akwai takardar da ke rakiyarsu, duk wanda ya riƙe sai ya sa hannu. Ranar Litinin ɗin da muka ɗebi ruwan mun gama da yamma, ofis ba wuta, sai na kawo su gida na jera a ƙasan firij ɗin Mama, kusa da gorunan zoɓo. Washegari da safe na shirya su a kula, na zuba ƙanƙara, na naɗe murfin da salatif, na sa hannu a kansa. Ina ɗaura gyale direbanmu ya kira, wai motar ofis ta ƙi tashi. Motar haya kuwa ba ta ɗaukuwa, don kula sai dai a but, kusan duk direban da ke tasha yana da jarkar fetur a can, kuma ruwan da ake neman fetur a cikinsa ba ya zama kusa da jarka.

Ina cikin wannan Musaddiq ya kira gaisuwar safe, bakina ya suɓuce na gaya masa. Minti goma sha biyar sai ga shi a ƙofar gida cikin farar shadda, mota na ƙamshi, ya ce shi zai kai ni. Baba ya fito, suka gaisa, ya ji bayani.

"Ba a yi komai ba tukuna," in ji Baba. "Ba za ki shiga motarsa ku biyu har Kano ba. Amma kaya ba su da laifi. Ya ɗauki kular, ke ki bi ta tasha, ku haɗu a can."

Ku gaya min, ta wane baki zan ce wa mahaifina, a gaban mutumin da ke neman aurena, ai shi ne na ƙarshe da ya kamata ya taɓa kular nan? Kunya ta ɗaure min harshe. Ina kallo ya ɗauke ta ya saka a kujerar baya.

Na isa Kano ƙarfe goma sha ɗaya. Shi bai iso ba sai ƙarfe biyu, wai taya ce ta fashe masa a Gaya. Don haushi ko kallon kular ban yi ba, na fizge ta na tura wa mai karɓa. A takardar rakiya kuma na sa hannu cewa ba ta taɓa barin hannuna ba. Ƙarya ce, kuma ni na rubuta ta.

Ina zaune a tabarmar nan ina lissafin awa ukun da ya ɓace, wayata ta yi ƙara.

"Barka da arziki, Injiniyata. Na ji ruwa ya fito fes."

Na dubi agogo. Ko minti ashirin sakamakon bai yi da shigowa ba.

"Wa ya gaya maka?"

"Oganki ya kira Alhaji. Ba ki yi murna ba?"

"Ka zo bayan azahar, akwai magana."

"To fa. Mai daɗi ko ta bulala?"

Na kashe wayar. Na kira oga na ce masa, "Oga, ka ga ta bakwai kuwa?"

"Na gani. Shida sun ce lafiya, ɗaya ta ce a'a. Ƙila a ɗakin gwajin aka samu kuskure, yana faruwa. Ki haɗa rahoto, gobe Juma'a nake so in miƙa."

Shi bai san kula ta yi yawo ba, ni kuma ban iya gaya masa ba. Sai na kira Sa'adiyya. Ita ce mai karɓar kaya a ɗakin gwajin, tare muka yi jami'a, kuma na san al'adarsu ce su ɗauki hoton kowace kula kafin su yanke salatif. Na ce ta nemo min hoton tamu. Ta ce kaya sun yi mata yawa, amma za ta duba.

Ƙarfe biyu da rabi ya iso. Na ji tsayuwar motarsa, na ji Mama na ce wa mai sayen ƙanƙara ta yi sauri ta ba da hanya. Da gangan na sa tsohuwar atamfata mai ganye-ganye da baƙin gyale, ko kwalli ban sa ba. Mama ta dube ni ta ce, "Haka za ki fita, kamar mai zuwa ta'aziyya?" Ta cusa min faranti da ruwa da zoɓo mai sanyi, har da cincin a ƙaramin kwano.

Yana zaune a sabon falon Mama cikin kaftani ruwan toka, hula ta zauna daidai, turarensa ya danne warin fenti. Ba zan yi muku ƙarya ba, yaron nan yana da kyau, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na ajiye farantin, na zauna a kujerar da ta fi nisa.

"Yau ko ina wuni babu?"

"Ina wuni. Musaddiq, awa uku a Gaya?"

Ya ajiye kofin da ya ɗauka. "Na gaya miki taya ce."

"Taya nawa ke gare ta, motar?"

"Ɗaya ta fashe, safayar ba iska, mai facin kuma ya tafi kasuwa sai da aka nemo shi. Ikilima, mene ne?"

"Ruwan da ya tafi a motarka ya fito fes. Wanda ya tafi a cinyata, daga rijiya ɗaya, ya fito da fetur."

Na ƙura masa ido, don ina so in ga inda zai kalla. Bai kalli ƙasa ba, ni ya kalla.

"Wanda ya tafi a cinyarki? Ashe akwai wani?"

"Akwai."

Ya zaro waya, ya nemo hoto ya miƙo min. Ga shi tsugune a bakin titi, farar shaddar ta yi duƙun-duƙun, ga mai faci da tayar a cikin baho. Ranar da lokacin duk sun nuna a sama.

"Na ɗauka ne in turo miki ki tausaya min, da na ga fuskarki a Kano na fasa," in ji shi. Muryarsa ta sauka. "Wallahi tallahi, Ikilima, ban buɗe kular nan ba. Ko murfinta ban taɓa ba. Ashe duk zuwan da nake yi kallon ɓarawo kike min?"

Idanunsa suka kaɗa. Ni kuwa a raina cewa nake, hoton taya ba ya hana mutum buɗe kula. Ina shirin faɗa wayata ta yi ƙara. Sa'adiyya ce ta turo hoton.

Na buɗe, na ja shi da yatsu biyu har ya cika fuskar wayar. Ga kulata shuɗiya a kan teburinsu. Ga salatif ɗina zagaye biyu, yadda na naɗa. Ga sa hannuna ya ratsa daga murfi zuwa jiki, har da doguwar jelar da nake ja a ƙarshe, babu inda ya katse, babu inda ya karkace. In da an yanke an sake naɗawa, da jelar nan ba ta haɗu ba.

Ba wanda ya buɗe kular nan a hanya.

'Yan uwa, ban san ina son yaron nan haka ba sai a lokacin. Wani sanyi ya sauko min tun daga wuya har ƙafa. Na ji kunya, na ji daɗi, na ji ina so in yi kuka gaba ɗaya. Ashe oga ne mai gaskiya, a ɗakin gwajin aka cakuɗa wani abu. Na ja gyale na rufe rabin fuskata.

"Ka yi haƙuri."

"Ban ji ba."

"Na ce ka yi haƙuri."

Ya yi 'yar dariya, ya ɗauki zoɓonsa. "Na yafe. Amma ki daina barin Baba yana jira."

"Zan dai ce wa oga a sake aunawa, tunda kwalba biyu sun saɓa."

"Me za a sake? Ba ya fito ba?" Ya faɗa da ɗan sauri, sannan ya yi murmushi. "Ke dai kin fiye son wahala, Injiniyata."

Na ji saurin, amma na bar shi ya wuce. Mutumin da na gama zargi a banza, ba zan sake kama shi da wata ba a zama ɗaya.

Bayan tafiyarsa Baba ya dawo daga masallacin la'asar, ya tsaya a tsakar gida yana cire takalmi. Ya ɗago ya dube ni. Na durƙusa, kaina a ƙasa, na ce, "Baba, na amince."

"Alhamdu lillahi. Allah ya sa albarka." Ya shige ɗakinsa neman tabarau don ya lalubo lambar Alhaji. Daga kicin na ji Mama ta saki 'yar guɗa, ta yi sauri ta toshe baki.

Ina shiga ɗakina na faɗa kan gado ina murmushi ni kaɗai. A nan na ga ashe Sa'adiyya ta biyo hoton da saƙon murya. Na danna.

"Ƙawata, na manta in gaya miki. Na rubuta a littafin karɓa, kwalabenki huɗu sun zo da kumfar iska. Biyu, uku, biyar da shida. Har na yi mamaki, na ce yau Ikilima ce da kumfa? Ko soyayya ce ta sa hannu rawa?" Ta ƙare da dariya.

Na tashi zaune.

Ku da ba ku san aikin ba, kwalaben nan ƙanana ne, ba su fi ta turare ba. Fetur gudu yake daga ruwa in ya samu iska, shi ya sa ake cika su har ruwan ya yi tozo a baki, a rufe a hankali, a kife kwalbar, a ɗan buga ta da farce. In ko kumfa ɗaya ta taso, a zubar a sake. Shekara uku ina wannan aikin, ban taɓa kai kwalba da kumfa ba, har tsokanata ake yi a kai. Ranar Litinin kuma kowacce sai da na kife ta na duba a rana.

Wani ya buɗe su ya sake cikawa, kuma wanda bai iya ba ne. Ba duka ya taɓa ba. Ta ɗaya da ta huɗu can sama suke a gindin dutse, dama ban sa ran komai a cikinsu ba. Huɗun da ke gangare, inda ruwan ƙasa ke bi daga gidan man, su aka zaɓa. In kuma ba a hanya aka yi ba, to kafin in naɗa salatif aka yi. Tsakanin firij da kula. A gidanmu.

Na daɗe a zaune ina neman wata hanyar da lissafin zai bi. Ban samu ba.

Mama na kicin a kan kujera 'yar tsugunne, tana ƙulla zoɓo a leda, tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Na tsaya a bakin ƙofa.

"Mama, ranar Talatar da na je Kano, wa ya buɗe firij da safe?"

"Firij ɗin da ake buɗewa sau ɗari a rana?"

"Wa ya taɓa kwalabena?"

Hannunta ya tsaya. Ledar da ke ciki ta sulale, zoɓon ya malale a siminti. Ba ta ɗago ba.

"Rufe ƙofar," ta ce.

Na rufe.

"Ruwa ne fa kawai, Ikilima. Kina wanka na zubar da shi a makwarara, na zuba na leda mai kyau. Ko minti biyar ban yi ba."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mama!"

"Rage murya, mahaifinki bai sani ba." Ta goge hannu a zane. "Bilki ce ta zo, yayar yaron. Ta ce in aka rufe gidan man nan, Alhaji har abada ba zai bari ɗansa ya auri wadda ta rufe shi ba. Ƙarya ta yi? Ke kina ganin sau nawa irin wannan ke ƙwanƙwasa ƙofa? Ni na san abin da nake ji a gidajen biki."

"Mama, akwai mai ciki wata bakwai tana shan ruwan nan."

"Bilki ta ce bayan biki za su haƙa musu burtsatse, shiru-shiru, ba tare da an tozarta kowa ba. Kowa ya samu ke nan."

"Kin yarda?"

Hawaye ya cika mata ido, kuma wallahi tausayinta ne ya fara kama ni kafin haushi. Matar nan da ƙanƙara ta biya min rabin karatuna. Ba ta san gubar da ke cikin fetur ba, ba ta san takardar rakiya ba. Ita dai 'yarta ta sani.

Har na juya zan fita, sai wani abu ya tsayar da ni.

"Mama, kwalba shida ce a firij. Ya aka yi kika san waɗanda za ki zubar? Ba a jin warinsu in suna rufe. Anti Bilki kuma ko sau ɗaya ba ta je wurin aikin ba."

Ta kwance bakin zane, ta zaro wayarta, ta miƙo min ba tare da ta dube ni ba.

"Na ce mata ba zan riƙe lambobin ba, sai ta turo min wannan. Ban iya gogewa ba."

Saƙon murya ne da aka turo daga wata wayar, ranar Litinin da yamma. Na kara a kunne.

"Yaya Bilki, ki gaya wa Mama biyu, uku, biyar da shida. Suna ƙasan firij kusa da zoɓo, yanzu ta gaya min. Ruwan leda za ta zuba, ta cika su sosai. Ita kada ta sani, ba za ta yarda ba. Wallahi don mu nake yi."

Muryar ce dai. Wadda ke ce min Injiniyata. Kuma gaskiya ya faɗa, ni na gaya masa. Ranar ina dawowa na tura masa hoton kwalaben a jere kusa da gorunan Mama, har da 'yar fuskar dariya a ƙasa.

Na saurara sau biyu. Abin da ya fi ƙona min rai ba ƙaryar ba ce. Ya san ba zan yarda ba, ya san ni sarai, sai ya zagaya ya sa hannun mahaifiyata a ciki. Yanzu in na buɗe baki, Mama zan fara tona wa asiri, sannan kaina, da sa hannun ƙaryar da na yi, ƙila har aikina. In na yi shiru kuma, Asabar a sa rana, Juma'a rahoto ya tafi, Fiddausi ta ci gaba da jiran ruwa ya kwana a randa. Shin yana sona? Ƙila ma yana so.

"Ikilima!" Muryar Baba ce daga falo, cike da fara'a. "Zo, ga Alhaji yana so ya sa miki albarka."

Mama ta kama gefen atamfata. "Don girman Allah," ta ce a hankali. Na zare hannunta ba tare da na fizge ba.

Baba na zaune da tabarau a kan hanci, waya a hannu. Na durƙusa na karɓa da hannu biyu, na gaida Alhaji Nata'ala yadda ake gaida manya, har da tambayar iyali.

"'Yata, Allah ya yi miki albarka," in ji shi. "Kin faranta mana rai sau biyu a rana ɗaya."

"Amin, Alhaji, na gode." "Alhaji, ina neman izini. Gobe da safe zan dawo da sababbin kwalabe. Zan sake ɗiban ruwan rijiyoyin nan shida, kuma da kaina zan kai Kano."

Ta cikin wayar ina jin ƙarar famfon mai a bayan Alhaji, da wani mai adaidaita yana hon. Mama ta biyo ni, tana tsaye a bakin labule, hannuwanta jajur da zoɓo, tana girgiza min kai.

"Ba mahaifinki wayar," in ji Alhaji.

Na miƙa. Baba ya karɓa, amma bai kai ta kunne ba. Ya kife ta a kan cinyarsa, ya cire tabarau, ya dube ni, ya dubi Mama, ya sake dubana.

"To," ya ce. "A cikinku wace ce za ta fara?"